Alhamza a Kan Madannan Kwamfuta: Alama Ɗaya, Aiki Uku

Wannan takarda za ta dubi alama guda ce tak daga cikin alamomin da ke kan allon madannai na kwamfuta, wato ɗan waƙafin nan na sama ('), wanda a ƙa'idojin rubutun Hausa muke nuna alhamza da shi. Dalilin keɓe ta kuwa shi ne, matsayinta a wurinmu dabam yake da matsayinta a wurin waɗanda suka ƙera na'urar.

A Hausa wannan alama baƙi ce cikakkiya, daidai da b ko k. Ita ce ta raba "ba'a" da "ba a", kuma da ita muke rubuta 'ya'ya da ma'aikata. Amma tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a shekarar 1963 da gurabe 128 kacal, ya ba ta lamba 39, ya sa ta a sahun aya da waƙafi. Daga baya masu tsara harsunan umurtar kwamfuta suka ɗora mata aiki na uku. A harshen SQL, wanda da shi ake sarrafa rumbunan bayanai, ita ce ke nuna farkon magana da ƙarshenta. Saboda haka idan aka shigar da sunan Sa'adatu a manhajar da ba a kyautata tsarinta ba, sai na'ura ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ragowar kuma umurni ne da ba ta gane ba. Maganin abin ba wuya gare shi ba, amma masu tsara manhaja da yawa sukan bi gajeriyar hanya, su haramta alamar ɗungum. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa muke ganin Rabiu da Saidu a takardun shaidar ɗalibanmu, sunayen da ba wanda ya raɗa musu.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya tanadi gurabe domin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ya kuma ware lamba 700 ga alama mai wannan siffa wadda ake lissafawa a baƙi. Sai dai madannan da ke kasuwa ba su da ita. Ga kuma manhajar Word, wadda kan juya lamba 39 ta koma 8217, a farkon kalma kuma takan kifa ta baibai. Ido ba ya rabe waɗannan sosai, amma a wurin na'ura kowacce zaman kanta take yi. Mai haɗa ƙamus da ya nemi "jama'a" da siffa ɗaya yana iya rasa wadda aka buga da wata siffar, kuma wasu manhajojin ƙirga kalmomi sukan tsinka 'ya'ya gida biyu.

'Yan'uwanmu na Nijar, da suke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, sun rage wa kansu rabin wahalar. A ganina ya kamata wannan taro ya nemi masu kula da daidaita rubutun Hausa su tsayar da lamba 700 ga alhamza, sannan a sama mata madanni nata na kanta.