A Daina Guntule Maganar Mutane da Sunan Kare Kwamfuta

Kwanakin baya wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan Yagwa ta kira ni in duba mata kwamfuta. Rajistar mambobinta tana cikin manhajar Access: suna, girman gona, buhunan takin da aka karɓa bashi, sai gurbi na ƙarshe inda sakatare ke rubuta bayani. A layin wani dattijo, inda ya kamata a ga yadda ambaliyar 2024 ta ci gonarsa da yarjejeniyar ɗaga masa lokacin biya, babu komai sai kalma guda: #Erreur. Sakataren ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai laifina ne, na cika surutu a wurin. Yanzu shugaba ya hana ni wuce layi biyu."

Wannan magana ta ishe ni. Na ji ta a Yagwa, na ji ta a Marwa da Garwa, wai dogon rubutu yana yi wa rumbun bayanai nauyi har ya fashe. Rumbun bayanai dai manhaja ce da ke jera bayanai layi-layi cikin gurabe don a nemo su da sauƙi. Abin da ya dame ni shi ne ɓarnar da wannan camfi ke yi: mai jinya ya yi bayanin ciwonsa a rubuta kalma uku, manomi ya kawo koke a rubuta "matsala", ranar da rigima ta tashi kuma a rasa hujja.

Mu duba lissafi. Gurbin dogon rubutu na Access yana ɗaukar haruffa 65,535 idan da hannu ake bugawa. Nau'in TEXT na MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, yana ɗaukar bayit 65,535, kusan kalmomi dubu goma ke nan, MEDIUMTEXT kuma ya kai megabayit 16. Ko gida ɗaya na Excel yana ɗaukar haruffa 32,767. Wane sakatare ne ya taɓa rubuta wa manomi ɗaya kalmomi dubu goma? Hoto ɗaya da wayarka ta ɗauka ya fi bayanan mambobi ɗari nauyi, amma ban ji an hana ɗaukar hoto ba.

To me ke cinye rubutun? Sau da yawa wanda ya gina rumbun ne ya auna gurbin da ƙaramin mudu. Gajeren rubutu a Access iyakarsa haruffa 255, abin da bai wuce kalmomi hamsin ba. In aka kwaso bayanai daga Excel aka zuba a irin wannan gurbi, abin da ya haura sai a datse shi. MySQL ma kafin sigar 5.7 ta saba yin haka, ta yanke wutsiyar rubutu ta bar ɗan gargaɗin da ba mai karantawa. Mai tiya da ya zuba buhu guda a ciki, shinkafar ta zube ƙasa, shinkafar zai zarga?

Sai haruffanmu. Hausa da Fulatanci suna da ɓ da ɗ da ƴ, Hausa ta ƙara da ƙ, ga kuma é da è na Faransanci da kowane ofishi ke bugawa. Rumbun da aka gina a kan tsohon tsarin latin1 bai san ƙugiya ba, shi ya sa Ɗahiru ke komawa ?ahiru. In kuma tsarin shigarwa da na karantawa suka saɓa, é ta zama Ã©. Abin takaici ma, tsarin da MySQL ta daɗe tana kira utf8 bayit uku kawai yake ba harafi, alhali 'yan fuskokin nan na WhatsApp bayit huɗu suke ci. A tsohon saiti, saƙo ɗaya da aka kwafo da fuskar dariya a tsakiya yana iya sa duk abin da ya biyo bayanta ya ɓace. Maganin, utf8mb4, yana nan tun 2010.

Abin da ya sami layin dattijon nan kuwa ɗaukewar wuta ce. Access ba ya ajiye dogon rubutu a cikin layinsa, yana kai shi wani sashe na fayil ya bar alamar da ke nuna inda yake. In wuta ta ɗauke ana tsakar rubutawa, alamar na iya nuna wurin da ba komai. A nan ne camfin ya samo asali, domin dogon gurbi ne yakan fara nuna rauni. Mu da muke samun wuta daga madatsar Lagdo, kusa da Garwa, mun san yadda take yi idan ruwa ya ja baya da rani. Na tambaya, aka ce kwamfutar ta mutu sau uku a mako guda, ba ta da na'urar riƙe wuta. Bairos ma yana ɓarna, amma ba shi na tarar a can ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, sayi na'urar riƙe wuta kafin ka sayi sabuwar kujera, ko a koma aiki da laftof mai batir mai rai. Kada a buɗe rumbu kai tsaye daga filas. A kwafe shi zuwa kwamfuta, a yi aiki, a rufe manhajar, sannan a zare filas ɗin ta hanyar da ta dace. In mutum biyu ko uku ke aiki a fayil ɗaya ta wayifai mai yankewa, a raba shi: teburan bayanai a kwamfuta guda, kowa da nasa fom. In aikin ya girma a koma PostgreSQL, ko MySQL mai injin InnoDB, waɗanda ke rubuta niyyarsu a littafin gefe kafin su taɓa bayanai, don haka in wuta ta dawo sukan gyara kansu. Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabayit 2, kada a cusa masa hotunan katin shaida. A riƙa matse shi da umarnin matsewa da gyara, amma sai an yi kwafi tukuna, domin gyaran kan share layin da ya lalace gaba ɗaya.

Kwafin nan kuma kullum ne, da kwanan wata a sunansa, ba a danne na jiya da na yau ba. Ɗaya ya kwana a wani gida daban. Mutanen bakin kogin Logon ba sa bukatar a gaya musu dalili. A ƙarshen wata a buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa. Waccan ƙungiya tana da filas, da muka buɗe sai muka tarar kwafin wata bakwai da suka wuce ne, kafin ruwa ya zo.

Duk wanda zai gina muku rumbu, kafin ku biya shi ku zaunar da shi. Ku buga shafi biyu cikakku masu ƙ da ɗ da ɓ da é, ku sa fuskar dariya a tsakiya, ku adana, ku rufe, ku sake buɗewa, ku karanta har kalmar ƙarshe. In ta fito daidai ku ba shi kuɗinsa, sakatare kuma a sakar masa hannu ya rubuta abin da manomi ya faɗa.