Fitilar Da Wahala Ba Ta Kashe Ba

A Jos, tun daga Abattoir har Bukur, sunan Bishop Benjamin Kwashi da maiɗakinsa Gloria ba baƙo ba ne.

A 1987, lokacin da tarzomar Kafanchan ta bazu zuwa Zariya, aka ƙone cocinsa da gidansa. Bai yarda a rama ba. A 1992 ya zama Bishop na Anglikan a Jos.

Na 1987 ɗin ma bai kai na Fabrairu 2006 zafi ba. 'Yan bindiga suka zo nemansa, suka tarar ya yi tafiya, suka azabtar da Gloria har ta daina gani, sai da aka yi mata aiki a Amurka.

Da ta warke ba su gudu ba. Suka buɗe gidansu ga marayu fiye da 50, suka kafa makarantar Zambiri, inda yara ke karatu kyauta.

Addinin Kirista yana kiran mabiyansa su zama haske. A wurin waɗannan bayin Allah, ma'anarsa ita ce wanda ya ɗanɗani kuka ya share hawayen wani.