Kantar Littattafai ko Taskar Intanet: Wanne Ya Fi Wa Ɗalibin Tagriss?

Yaron da ya tashi a Tagriss, cikin gundumar Dakoro, in Allah ya ba shi bakaloriya, galibi Maradi yake nufa, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko ya zarce Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni. Shekarun farko da takardun darasin malam ake cinye su. Sai lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, wanda ɗalibai ke kira memuwar, sannan ido ya raina fata: ina za a samo abin da na gaba suka rubuta a kan wannan batu? Ƙofa biyu ce a gabansa. Akwai ɗakin karatu na gini, mai kantoci da ma'aji da rajistar aro. Akwai kuma taskokin mujallu na intanet, waɗanda ake shiga ta waya ko kwamfuta. Ana yawan gardama a kan wanne ya fi, alhali amsar tana bin fannin da ɗalibin yake karantawa.

Mu fara da noma, tun da shi da kimiyya da lafiya ne ƙarfin jami'ar Maradi. A ce ɗalibi yana bincike a kan murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi ta bar mata zane kamar an murɗa. Duk manomin Dakoro ya san ɓarnarta. A kantar ɗakin karatu, ɗalibin zai tarar da babban littafin ilimin ƙwari, bugun Faransa, wanda zai koya masa sassan jikin ƙwaro da yadda yake hayayyafa, kuma wannan tushe ne da ba a tsallake shi. Amma aikin da ya shafi gonar babansa kai tsaye ba ya ciki. Masu binciken cibiyar nazarin noma ta INRAN a Maradi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, sun yi shekaru suna sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ke yin ƙwai a jikin tsutsar ya kashe ta. A ƙananan buhunan algarara ake kai shi ƙauyuka, da ɗan hatsi da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye kusa da gonaki. Sakamakon wannan aiki a mujallun kimiyya ya fito, yawancinsu da Ingilishi, kuma kuɗin rajistarsu ya fi ƙarfin jami'o'inmu.

A nan intanet ta yi wa kantar littattafai fintinƙau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe taskar Hinari a 2002, Hukumar Abinci da Noma ta biyo da AGORA a 2003, sai OARE ta muhalli a 2006, dukansu yau ƙarƙashin inuwar Research4Life. Nijar tana cikin ƙasashen da jami'o'insu da cibiyoyin bincikensu ke shiga kyauta. Ga kuma AJOL, mai tattara mujallun Afirka. Ga ɗalibin likita abin ya ma fi tsanani, don ilimin fanninsa ba ya jiran bugun littafi. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara wata-wata da damina, sai a 2012 Hukumar Lafiya ta ba da shawararsa. Littafin da aka buga kafin nan, komai kaurinsa, bai san da zancen ba.

Sai dai kyautar tana da ƙaidi. Cibiya ce ke yin rajista, ita ake bai wa mabuɗin shiga, kuma galibi a hannun ma'ajin ɗakin karatu yake. Ɗalibin da bai taɓa gaisawa da ma'aji ba yana iya gama jami'a bai san an buɗe masa wannan ƙofa ba. Sannan ga Ingilishi, wanda yaron da ya yi karatunsa da Faransanci yake tuntuɓe da shi. Ga kuɗin data, ga rezo, ga caji. Wanda ya koma Tagriss da damina don auna gonaki da ƙirga zangarniya, abin da ya sauke a wayarsa kafin ya bar Maradi shi ne guzurinsa. Littafin aro kuwa, ko a gindin gawo aka buɗe shi zai karantu.

Yanzu a juya ga ɗan'uwansa mai karatun tarihi, ko shari'a, ko zamantakewa, wanda ya zaɓi ya yi rubutu a kan burtali da rijiyoyi da rigimar manoma da makiyaya. Dakoro tana bakin iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo, iyakar da gonaki suka daɗe da tsallakewa. Ita dokar, da Kundin Dokokin Karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010, duk zai same su a intanet cikin ɗan lokaci. Zai kuma samu wani ɓangare na rubuce-rubucen Turawan da suka yi aiki a wannan yanki, irin su Guy Nicolas da Claude Raynaut, a taskar Persée ko ta cibiyar bincike ta IRD. Daga nan hanya ta ƙare. Wa ya gina rijiya kaza, a zamanin wane hakimi? Ta ina burtalin ya bi kafin farin 1973 da na 1984? Wace yarjejeniya aka ƙulla tsakanin gari da ruga? Amsoshin suna cikin rahoton rangadin kwamandojin mulkin mallaka, a gidan adana takardun tarihi na Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence. Suna cikin takardun sulhu na kwamitocin filaye, masu sa hannun shaidu da dangwalen yatsa. Mafi yawansu kuma suna bakin tsofaffi, waɗanda kullum raguwa suke.

Wanda ya ƙara komawa baya, zuwa labarin Gobir da Katsinar Maradi, dole ƙafarsa ta taka. Cibiyar IRSH ta Yamai tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda marigayi Boubou Hama ya aza harsashin tattara su. Cibiyar CELHTO kuma tana da faya-fayan tarihin baka. A tsallaken iyaka akwai Arewa House a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Takardar ajami da tawadarta ta koɗe, wadda gara ta ci gefenta, sai an zauna gabanta da malamin da ya iya hannun kafin ta yi magana. Ba na jin akwai ranar da wayar hannu za ta ɗauke wa ɗalibin tarihi wannan zama.

Intanet kasuwa ce, kana samun hajar ko'ina in kana da kuɗin mota. Ɗakin karatu kuwa rumbu ne, abin da gidan ya noma shi ya kamata a tarar a ciki. Nan ne nake ganin muka fi yin sakaci. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundaye a kan ƙauyukan Dakoro: yawan gawo da kalgo a gonakin da aka yi wa sassaben zamani, cututtukan jar akuya, farashin wake a kasuwannin mako, zurfin rijiyoyin kwarin Tarka. Kundin yakan tsaya a kwafi biyu ko uku, ɗaya wurin malam, ɗaya a kanta, ɗaya a akwatin mai shi. Ɗalibin Maradi bai san abin da na Yamai ya gano ba, sai ya koma ƙauye ɗaya ya sake yi wa dattijo ɗaya tambayoyin da aka yi masa shekarun baya. Babu wata AGORA da za ta kawo mana waɗannan, don mu ne muke da su.

Da za a ce kuɗi kaɗan ne kuma dole a zaɓa, a jami'a irin ta Maradi zan ce a fara da wuta tsayayya, da rezo mai ƙarfi, da ma'ajin da aka horar ya koya wa ɗaliban noma da likita neman mujalla tun shekarar farko. Sayo tulin littattafan kimiyya da za su tsufa kafin a gama yi musu lamba ba shi ne gaba ba. Amma kantar kada a bar ta, a canza mata kaya: kundayen ɗalibai, rahotannin ma'aikatan gona da na dabbobi, muryoyin tsofaffi da aka ɗauka, kwafin takardun sarakuna in sun yarda.

Roƙona ga hukumomin jami'o'inmu shi ne, duk kundin da aka kare a gaban malamai, a ɗauki hotonsa a sa a taskar jami'a ta intanet, da taƙaitawa cikin Hausa ko da shafi ɗaya ne. Kai kuma ɗalibi ɗan Tagriss, in ka gama, ka kai kwafi ɗaya ofishin magajin gari, ka karanta wa mutanen da suka amsa maka tambayoyi abin da ka samo.