Kuɗin banɗaki a ƙarƙashin ƙasa yake: abin da muka koya a Gadarif

Duk wanda ya san Gadarif ya san ta da dawa da riɗi. Gari ne a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, inda Hausawa suka daɗe da zama, mafi yawansu jikokin mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa ne. Sai dai baƙar lakar da take ciyar da garin, ita ce kuma take cinye kuɗin mai gini.

A watan Disamba na 2023, da yaƙi ya ci Madani, 'yan uwa suka kwararo mana. Gidan da yake da mutum tara ya wayi gari da sama da ashirin, masai kuwa guda ɗaya ne, rami irin na da. Watanni uku kafin nan an bayyana ɓarkewar kwalara a jihar. Saboda haka sabon banɗaki ba ƙawa ba ne a wurinmu, lalura ce.

Da muka zauna lissafi, mun fara da abin da ido yake gani: tayil, ƙofa, kan famfo, mazaunin tangaran. Maginin da muka kira, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya bar mu muka gama, sannan ya nuna ƙasa da sandarsa. A nan kuɗin yake.

Lakar Gadarif tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shiga. Bututun da aka shimfiɗa kai tsaye a cikinta yana motsi tare da ita, shekara ɗaya ko biyu mahaɗarsa ta buɗe, ƙazanta ta riƙa tsiyaya gindin bango ba wanda ya sani. Dole a haƙa, a kwashe lakar, a zuba yashi a kwantar da bututun a kai, yashin kuwa sayensa ake yi da mota. Ramin da ba a ɗaure bakinsa da bulo da siminti ba yana iya ruftawa a ruwan Agusta. Ga wani abu kuma: laka ba ta shan ruwa, don haka sokawe yana cika da wuri sai an zurfafa shi, a wasu unguwanni kuwa mai haƙa ba ya nisa yake cin karo da baƙin dutse. Daga nan ladan haƙa ya sauya, domin kwana ake ƙirgawa, ba mita ba. Abin da mutanen Sudan suke kira saifon, wato tankin tara ƙazanta haɗe da rijiya mai zurfi, shi ya sa ba kowane gida ne yake iya yinsa ba.

Wani ƙanenmu da yake Turai ya ba da shawara a yi banɗakin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ya gani a can, don kada a ci filin tsakar gida. Mun gode masa, amma ruwa ba ya hawa tudu. Bututu mai inci 4 yana bukatar gangara ta kamar santimita 2 a kowace mita; idan banɗaki ya fi tanki zurfi, sai an sa injin tura ƙazanta sama, injin kuma yana bukatar lantarkin da ba ya yankewa. Ko a ƙasashen da ake irin wannan gini, fasa daɓe da sayen injin su ne suke tsadar da aikin.

Sai batun ruwa, wanda shi ne bashin da ba ya ƙarewa. Gadarif ta daɗe tana fama da ƙishirwa. Ana turo mata ruwa daga Shuwak, a bakin kogin Atbara, tafiyar kilomita kusan 70, kuma gidaje da yawa ganga suke saye daga masu amalanken jaki. Mu yi lissafi tare. Masai mai tankin ja yana iya zubar da lita 9 a ja ɗaya. Mutum 20, kowa sau 3 a yini, lita 540 ke nan, kusan ganga uku masu cin lita 200. Masai na tsuguno da ake kora wa da lita 2 ba zai wuce lita 120 ba. Wannan lissafin ne ya raba gardama a gidanmu, ko da yake matasa ba su so ba.

Farashi kuwa, ba mu ga amfanin rubuta shi ba. Kafin yaƙin Afrilu 2023 dala ɗaya tana kusan fam 600 na Sudan. A 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Masana'antun Bahri sun tsaya, siminti daga Atbara yake zuwa ta doguwar hanya. Mun yi kuskuren ba wani mai aikin famfo kuɗin kaya gaba ɗaya, ya jinkirta saye makonni biyu, kuɗin suka kasa. Tun daga ranar muke sayen kaya da hannunmu ranar da kuɗi suka shigo, mu biya lada gaɓa gaɓa.

Akwai abubuwa biyu da ba su ci mana ko sisi ba, don mun tuna da su kafin a zuba kankare. Na farko nisa: masana lafiya suna son mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha. Na biyu fuskar mazauni. A ƙasar Hausa alƙibla gabas take, a Gadarif kuwa ta karkata arewa maso gabas. Malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa a cikin gini, amma mahaifinmu ya fi son a kauce, kuma juya mazauni bayan an binne bututu fasa daɓe ne.

An gama aikin kafin saukar ruwan 2024. Bango ba shafe, ƙofar ta kwano ce, tayil ɗin da muka fara lissafi da shi har yau ba a saya ba. Damina biyu sun wuce, ramin bai motsa ba.