Gyaran Wayoyin Na'urorin da ke Saman Sanda

A jirgin ruwan da iska ke turawa, na'urar auna ƙarfin iska da mai nuna inda ta fito suna zaune a ƙololuwar doguwar sandar jirgin, kuma galibi lalacewarsu daga mahaɗa take farawa, wato inda waya ke shiga waya, domin nan ne gishirin teku ke cin jan ƙarfe har ya yi kore. Kwale-kwalen masuntan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, ba su da irin wannan sanda, amma wannan cutar ce ke kashe fitilun sola da famfunan burtsatse a Achida da fadamun Wurno da Rabah, inda rana ke busar da robar waya ta tsage, ƙurar hunturu ta cika tsagar, sannan ruwan damina ya ƙarasa ɓarnar.

Ƙwararren mai gyara yakan katse wuta, ya gwada wayar da mita daga ƙasa kafin ya hau sanda, saboda sau da yawa matsalar tana gindi. Idan ya sami tsatsa, sai ya yanke har inda ƙarfen ke sheƙi, ya matse sabuwar mahaɗa, ya rufe ta da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, ya kuma lanƙwasa wayar ƙasa yadda ruwa zai ɗiga kafin ya kai mahaɗar. Murɗa wayoyi a naɗe su da salatif, wanda shi ne aka fi yi, da wuya ya wuce damina ɗaya.