Sankarar mama: Me lambar CA 15-3 ta takardar gwajin jini take nufi?

Mace tana kan maganin sankarar mama a LUTH da ke Idi-Araba ko UCH Ibadan, an tura ta gwajin jini, sakamako ya fito da wata lamba a gaban CA 15-3. Kafin ranar ganin likita ta zo, an riga an ɗauki hoton takardar an tura wa 'yan uwa a Kano ko Sakkwato ta WhatsApp. Wannan ya ce ciwon ya ci ƙarfinta, wancan ya ce a dawo da ita gida a gwada na gargajiya. To, bari mu ga abin da lambar nan take faɗa.

CA 15-3 wani sinadari ne da ƙwayoyin sankarar mama kan zubar a cikin jini. Mai lafiya ma yana da shi ɗan kaɗan. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da 30 U/mL a matsayin daidai. Akwai kuma CA 27.29, wanda sinadari ɗaya suke aunawa da shi ta hanya daban, iyakarsa kusan 38. Na uku shi ne CEA, wanda galibi ake so ya kasance ƙasa da 5 ng/mL.

Da wannan gwaji ba a gano sankara. Ana tabbatar da ita ne idan an ɗebi ɗan nama daga kumburin an duba. Mata da yawa masu ciwon a matakin farko lambarsu daidai take, wasu ma har ciwon ya bazu ba ta tashi ba. Amfaninsa ya fi fitowa ga wadda ciwon ya kai ƙashi, hanta ko huhu, inda likita ke haɗa shi da hoton jiki da yadda majinyaciya ke ji, don ya ga ko magani na aiki.

Abin da likita ke dubawa shi ne tafiyar lambar cikin watanni. Wadda ta fara da 200 ta sauko 90, alama ce mai kyau, ko da yake 90 ta haura iyaka. Wadda tata ke hawa daga 40 zuwa 70 zuwa 120, ita ce za a sake yi wa hoto a bincika.

Sannan ku lura da wannan sosai: a makonni huɗu zuwa shida na farkon sabon magani, lambar takan iya tashi, saboda ƙwayoyin da maganin ke kashewa suna fashewa suna zubar da sinadarin. Wato maganin na aiki, amma takarda na nuna kamar abin ya ƙaru. Ciwon hanta, juna biyu da ƙarancin bitamin B12 su ma suna ɗaga CA 15-3, shan taba kuma yana ɗaga CEA.

Mu mazauna kudu akwai abin da ya shafe mu. Ana tafiya gida hutun salla ko biki, sai a yi gwajin a can, a dawo a kwatanta da na Legas. Injinan ɗakunan gwaji sun bambanta, don haka a daure a riƙa yi a wuri ɗaya, a kuma adana takardun a jere da kwanan wata.

Ranar ganin likita, a je da wanda ke jin Turanci ko Yarbanci sosai idan harshe zai kawo cikas. A tambaya kai tsaye: lambar nan hawa take ko sauka? Me hoto ya nuna? Za a canza magani ne? Don Allah kada a dakatar da kemo ko a daina shan ƙwaya saboda lamba guda ɗaya, sai likitan da ke duba ta ya ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.