Girkin Gida Daban, Girkin Taro Daban

Akwai macen da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo a gidanta, ba ta taɓa auna gari ba. Hannunta ya faɗa. Tana duban talge ta san ko ya nuna, tana ɗibar gishiri da yatsu uku miya ta yi daidai. Amma ranar da aka ce ita ce uwar tuwon biki a wani gida, aka girke mata tukwanen da ba ta saba da su ba, aka tambaye ta mudu nawa za a kai niƙa, sai ka ga ta yi turus. Ta iya girki sarai, sai dai iyawar tana hannunta, ba ta taɓa faɗinta da baki ko da lissafi ba.

Haka ƙwararrun malaman gona a Amurka da Kanada ke tsintar kansu idan suka tunkari jarrabawar CCA, takardar shaidar da Ƙungiyar Masana Kimiyyar Noma ta Amurka ta ɓullo da ita a 1992. Mutum ya yi shekaru yana zaga gonakin masara da waken suya a jihar Iowa, manoma na jin maganarsa, amma takardar jarrabawa ba ruwanta da wannan. Dalili take nema, da adadi.

Jarrabawar biyu ce. Ɗaya ta kowa da kowa, ɗaya ta yankin da mutum zai yi aiki, domin ƙasar Kalifoniya da ke dogara da ban ruwa ba ɗaya take da baƙar ƙasar Illinois ba. Dukansu sun tsaya kan fannoni huɗu: taki da abincin shuka, kula da ƙasa da ruwa, yaƙi da ƙwari da ciyawa da cututtuka, sai kula da amfanin gonar kansa. Cin jarrabawa kaɗai bai isa ba. Mai digirin noma sai ya nuna shekara 2 yana aikin, wanda ba shi da digiri shekara 4, sannan ya sa hannu a kan ƙa'idojin riƙon amana.

A ganina, babban abin da ke kayar da tsoffin hannu shi ne sabo. Wadda ta ƙware a tuwon masara, in aka ce ta yi bita, tuwon masarar za ta sake tuƙawa, don shi ne ba ya ba ta kunya. Alabo kuwa, da ke mata gudaji, sai ta kau da kai. Dillalin taki ma haka, zai kwana yana karanta babin taki yana jin daɗi, ya bar babin ƙwari yana kallonsa. Alhali masu jarrabawar ba su ɓoye komai ba, sun wallafa jerin abubuwan da ake so mutum ya iya, ɗaya bayan ɗaya. Mai wayo yakan ɗauki jerin da biro, ya yi wa kansa gaskiya, ya fara daga inda ya fi rauni.

Lissafi ne inda gumi ke fita. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ne naitirojin, don haka buhu mai kilo 50 kilo 23 kawai yake ɗauke da shi. In aka ce eka ɗaya na buƙatar fam 150 na naitirojin, sai ka raba da 0.46, ka samu kusan fam 326 na yuriya. Wannan mai sauƙi ne. Tarkon yana lambar tsakiya ta jikin buhu, irin 15-15-15 ɗin da manomanmu suka sani: ba zallar fosfaras take nunawa ba, sai an ninka ta da 0.44 kafin a san ainihin abin da ke ciki. Wanda ya manta wannan zai iya tarar da amsarsa ta kuskure zaune cikin zaɓin da aka ba shi, ya rungume ta da murna. Irin wannan lissafi ba a haddace shi daren jarrabawa, sai an yi ta yinsa da hannu, kaɗan-kaɗan kullum, har da na saita injin feshi.

Sai kuma tambayoyin “me ya sa”. Kowa ya san ganye kan yi ɗorawa. Amma in tsoffin ganyen ƙasa ne suka fara, ƙarancin naitirojin ne, domin shuka na kwashe shi daga tsoho ta kai wa sabo. In sababbin sama ne, a duba sulfa. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa ba a rufe ba, wani kaso nata iska ke sha. A jigawa ruwa ke wanke takin ya yi ƙasa da shi, kuma abin da ya tsere daga gonakin tsakiyar Amurka kogin Misisipi ke kwasa ya zuba a teku, inda yake haddasa yankin da kifi ba ya iya zama. Shi ya sa hukumomi suka damu da wanda ke ba manomi shawara. Haka zancen ciyawa: akwai wata ’yar uwar alayyafo a kudancin Amurka da ta daina jin maganin gilaifoset saboda an yi ta maimaita magani ɗaya shekara da shekaru, kuma ana so mai shawara ya san yadda za a sassauya magani da shuka don kada a sake.

Mai shirin zama jarrabawar ya nemi abokan bita, musamman wanda ya fi shi a fannin da yake gudu, ya riƙa bayyana amsa da baki kamar yana yi wa manomi bayani a bakin gona. In ya ci, ba a sallame shi ba: duk shekara 2 sai ya kawo shaidar awa 40 na ƙarin karatu, in ba haka ba takardar ta faɗi.